Kawa, Wuri da Arzikin Ƙasan Teku a Gefen Tsibirai: Tambayoyi da Amsoshi

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Yauri. Wata rana na shiga aji da abu biyu a aljihu: ɓawon kawa da na tsinta a bakin ruwa, da wuri guda bakwai da na roƙa daga tsohuwar kwallar kakata. Na ɗora su a tebur, na ce wa yara ɗaya daga kogin nan namu ya fito, ɗayan kuma daga wani tsibiri da ke bayan Indiya. Har aka kaɗa ƙararrawa ba mu koma kan darasin ranar ba. Tambayoyin da ke ƙasa nasu ne, sai 'yan kaɗan da na samu daga iyayensu masunta da muke zama da su da yamma a bakin tashar jirage.

Malam, su waɗannan masu ɓawo, kifi ne su?

A'a. Kifi yana da ƙaya a ciki, su kuwa sulkensu a waje yake. Gida biyu ne manya. Akwai masu laushin jiki da ke gina wa kansu ɓawo mai tauri: kawa mai marfi biyu kamar an kifa ƙoƙo a kan ƙoƙo, da dodon koɗi da danginsa masu ɓawo ɗaya a naɗe, wanda wuri yake cikinsu. Sai masu ƙafafu da gaɓoɓi, wato ƙaguwa da jatan lande. Ɓawon kawa da na katantanwa sinadarinsu ɗaya da dutsen da ake yin siminti da shi, shi ya sa idan aka ƙona su suke komawa farar ƙasa.

Teku faɗi gare ta. Me ya sa suka fi taruwa a ruwa marar zurfi, a gefen tsibirai?

Domin nan ne abinci yake. Ka tambayi kowane Basarke inda ya fi samun kifi, ba zai nuna maka tsakiyar tafki ba, zai nuna maka bakin gungu, wato tsibirin kogi, inda ciyawa take, inda ruwa ke juyawa a bayan duwatsu. Teku ma haka take.

Abu na farko hasken rana. Duk rayuwar ruwa a kan tsirrai ta dogara, manya da ƙananan da ido ba ya gani, kuma tsiro ba ya rayuwa cikin duhu. Hasken da zai ishi tsiro ba ya wuce zurfin mita 200 ko da ruwan garau yake, galibi ma tun kafin nan ya dushe. A gefen tsibiri kuwa, inda ruwa bai wuce gaba biyu ko uku ba, rana na sauka har ƙasa, sai ciyawar teku ta shimfiɗu kamar fadama a watan Agusta.

Na biyu shi ne wanda ba mu da irinsa a nan, kuma shi ya fi ba ɗalibaina mamaki. Mu ruwanmu cikowarsa ta shekara ce: farin ruwa da damina, baƙin ruwa da hunturu. Teku kuwa a yawancin gaɓoɓi sau biyu take cikowa ta janye cikin yini da dare ɗaya, saboda jan da wata ke yi mata. Kawa ba ta tafiya neman abinci. Zaune take wuri ɗaya, ta buɗe baki, ta tace abin da ruwa ya kawo. Duk cikowa sabon akushi ne aka ajiye mata, duk janyewa kuma an kwashe mata shara. Idan ruwan ya matse tsakanin tsibirai biyu, gudunsa na ƙaruwa, abincin ma haka.

Na uku mafaka. Tsibiri na tare igiyar ruwa, bayansa sai ya zama lumui. A nan laka ke kwanciya, yashi ya taru gefe guda, dutse ya fito a wani gefen, itatuwan mangurof masu jure gishiri su kafa saiwoyinsu kamar ƙafafun gado. Kowane irin ƙasa da masu son sa: wata kawar laka take nutsewa, wata sai ta manne a saiwa, ƙaguwa rami take haƙa, wuri kuma ƙarƙashin dutse yake ɓuya da rana ya fito kiwo da dare. Tsibiri ƙarami na iya haɗa irin waɗannan unguwanni biyar ko shida cikin tafiyar da ba ta kai daga kasuwa zuwa bakin ruwa ba.

Da gaske ne wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga teku ya fito?

Ƙwarai kuwa. Wuri ɓawon wata 'yar halitta ce mai rai, dangin dodon koɗi. Kalmar kuɗi ma asalinta jam'in wuri ce, shi ya sa har gobe idan za a faɗi adadi ake cewa wuri na gugar wuri har naira kaza.

Mafi yawan wanda ya shigo ƙasar Hausa da farko daga tsibiran Maldibs ya taso, a tekun Indiya. Tsibirai ne ƙanana kusan 1,190 da murjani, wata 'yar halittar teku mai gina dutse, ya gina, kowane rukuni ya kewaye wani tafki marar zurfi. Mutanen can sukan jefa rassan kwakwa cikin ruwa, halittun su hau su manne, a janyo rassan a baza a yashi har naman ya ruɓe, a wanke ɓawon. Matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, ya zauna a can, har ya yi alƙalanci, a wajajen 1343. Ya ce a tsibiran ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya, amma da ya zo Mali da Gao bayan kusan shekara goma ya tarar 1,150 ne kacal ke sayen dinari. Ka ga ribar da nisa ke kawowa. Daga baya jiragen Turawa suka riƙa loda shi a gindin jirgi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kuma dole a faɗa, da shi aka sayi bayi masu ɗimbin yawa. A 1851 da Bature ɗan Jamus Heinrich Barth ya sauka Kano, wuri 2,500 ake canzawa da dala ɗaya ta azurfa. A tsakiyar ƙarni na 19 kuma aka fara kwararo wani iri daga Zanzibar, ya yi yawa har darajarsa ta zube.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ɗaruruwan shekaru ana ɗiba daga waɗancan 'yan tafkuna ana ɗaura aure da biyan haraji da shi a nan, amma tafkunan ba su ƙare ba. Da hannu da reshen kwakwa ake ɗiba. Ba a taɓa ƙasan ruwan ba.

Akwai irin waɗannan wurare a nan Afirka ta Yamma, ko sai can nesa?

Akwai, kuma suna cikin mafiya albarka a duniya.

A Gini Bisau akwai tsibiran Bijagos, guda 88, waɗanda mafi yawansu babu mazauna na dindindin. Idan teku ta janye, sai fili na laka da yashi ya buɗe iya ganinka. Mata ne ke fita da kwanduna suna tono kawa da hannu ko da cokali, su komo kafin ruwa ya dawo. Wasu tsibiran a al'adar mutanen wurin masu alfarma ne, ba a gina gida a cikinsu, ba a shiga sai da dalili da izinin dattawa. A ɗaya daga cikinsu, Poilao, dubban kunkurun teku ke hawa yin ƙwai kowace shekara. A tsibirin Orango kuma akwai dorinar da ke shiga ruwan gishiri, abin da ya sa wani tsohon masunci a nan ya riƙe baki da na faɗa masa. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren kariya a 1996, a 2025 kuma ta shigar da shi jerin kayan gadon duniya.

A Muritaniya akwai Banc d'Arguin, inda hamada ta gangaro har cikin teku. An mai da shi gandun ƙasa a 1976. Ruwa ne marar zurfi cike da ciyawar teku, kuma tsuntsayen bakin ruwa sama da miliyan 2 ke zuwa cin hunturu a can daga Turai da Sabiriya, suna tsintar tsutsotsi da ƙananan kawa a laka. Masuntan wurin, Imraguen, da jiragen da iska ke turawa suke kamun kifi, domin an hana inji a cikin gandun. Akwai wata kawa mai kaurin ɓawo a can da Bijagos, wadda idan ka buɗe ta za ka ga jan jini kamar na dabba, tana kuma iya haura shekara 20 idan an ƙyale ta.

Sai bakin kogin Salum a Senegal. A nan shaidar yawan ta fi fitowa fili: ɓawon da mutane suka ci suka zubar tsawon ƙarnuka ya taru ya zama tuddai 218, wasu tsawonsu ɗaruruwan mita, har kuka ta tsiro a kansu, har an binne manya a cikin wasu. Jujin abinci ya zama tsibiri.

To ban da a ci, wane amfani kawa ke yi a cikin ruwa?

Na taɓa gwada wa yara. Na cika kwalabe biyu manya da ruwan kogi mai gurɓi, na sa kawa uku masu rai a ɗaya, muka ajiye a inuwa bayan ofis. Kafin tashi ruwan mai kawar ya fara washewa har kana hango yatsanka ta bayan kwalbar, ɗayan kuwa yana nan kamar kunu. Da yamma muka mai da su inda muka ɗauko.

Kawar teku babba, idan yanayi ya yi mata daɗi, tana iya tace ruwan da ya kai lita 190 a rana, kusan cikin duro guda. Ka lissafa miliyoyinsu. Ruwa ya yi haske, rana ta isa ƙasa, ciyawa ta fito, 'ya'yan kifi su sami maɓoya. Sannan kawa kan kawa take hawa: jaririyar tana yawo a ruwa 'yan makonni, ta nemi tsohon ɓawo ta manne, ba ta ƙara motsi har ta mutu. A hankali tarin ya zama ganuwa mai lunguna, ƙaguwa da tsutsotsi da ƙananan kifaye su tare a ciki, manyan kifaye su zo farauta, ganuwar kuma ta rage ƙarfin igiyar da ke cin gaɓa. Wanda ya kwashe kawa har da tsohon ɓawon, ya rushe gida ne da harsashinsa.

Yaya ake gane ƙasan teku tana da lafiya? Yawan abin da aka kama ne?

Yawa kaɗai na iya ruɗi. Ruwan da ya lalace ma yakan cika da halitta iri ɗaya mai taurin rai, kamar yadda kainuwa ke rufe tafki. Masu bincike suna duba iri nawa ne, sannan a kowane iri akwai jarirai da matasa da tsofaffi. Hanyarsu mai sauƙi ce: a ɗora firam mai kusurwa huɗu a laka, a tone abin da ke ciki, a tankaɗe da rariya, a ƙirga, a auna, a maimaita a wurare da yawa shekara bayan shekara. Idan manya sun ɓace saura ƙanana, an san hannu ya yi yawa. Masuntanmu sun san wannan alamar ba tare da firam ba, domin sun ga yadda giwan ruwa ke ƙanƙancewa a kasuwa.

Inda nau'o'i suka fi yawa shi ne duwatsun murjani. Ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku na dogara da su. A tsibiran Raja Ampat na Indonesiya an ƙirga murjani iri sama da 500. A irin waɗannan ruwaye ne ake samun babbar kawa ta duniya, wadda faɗinta ke wuce mita ɗaya, nauyinta ya haura kilo 200, kuma tana noma a jikinta: wasu ƙananan tsirrai na zaune cikin namanta, ita ta buɗe baki ga rana, su kuma su ciyar da ita.

Idan an ce ruwa bai lalace ba, ana nufin babu mutane a wurin ke nan?

Wannan ita ce fahimtar da na fi son in gyara. Duk wuraren da na ambata da mutanensu, kuma sun daɗe suna ci daga ruwan. Abin da ya tsare su shi ne doka: lokacin ɗiba da lokacin hutu, wurin shiga da wurin da aka hana, kayan aikin da aka yarda da su.

Misali na kusa shi ne Gambiya. Matan da ke cire kawa daga saiwoyin mangurof a dausayin Tanbi, kusa da Banjul, sun ga kawar na ƙanƙancewa, sai suka haɗa ƙungiya mai suna TRY a 2007. A 2012 gwamnati ta ba su ikon kula da kawar wurin su kaɗai. Suka rufe ɗiba na wata takwas a shekara, suka bar wata huɗu, suka hana sare saiwar don a sami kawa da sauri, suka hana ɗaukar ƙanana.

Duk ɗan Kabi ya san wannan dabarar. Me ya sa ake fito da kifin da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi a Argungu? Domin an killace kogin Matan Fada, babu mai jefa homa sai ranar da aka ba da izini, kuma Sarkin Ruwa na tsaye a kan haka. Tun 1934 ake bikin a sigarsa ta yanzu, UNESCO kuma ta karrama shi a 2016. Mutane kan ga gora da homa da kiɗa, amma ni a wurina ainihin bikin shi ne watannin da aka bar ruwan ya huta.

Me ke kashe irin wannan arziki?

Babban maƙiyi shi ne jirgin da ke jan taru mai nauyi a ƙasan teku. Yana tafe yana kankare komai, ciyawa da murjani da kawa, don ya sami jatan lande, sauran a watsar a mace. Abin da ya ɗauki shekaru hamsin yana ginuwa sai ya baje cikin dare ɗaya. Bayansa akwai sare mangurof, da yasar yashi, da ƙazantar birane, da laka da takin zamani da koguna ke kwasowa daga gonaki. Wani bincike da aka buga a 2011 ya ƙiyasta cewa kashi 85 cikin 100 na ganuwoyin kawa na duniya sun ɓace. A mashigin Chesapeake na Amurka, wanda a da kawa ke hana jirage wucewa, abin da ya rage bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba.

Mu ma muna da namu ciwon. Neja Delta ce ke da kurmin mangurof mafi girma a Afirka, kuma mata a can da tsintar kawa da ƙananan katantanwa suke ciyar da gida. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ce gyara ɓarnar malalar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Kifi na iya gudu idan mai ya malalo. Kawa tana nan inda ta manne.

Akwai kuma wanda ba a gani. Hayaƙin da duniya ke fitarwa teku na shanye wani kaso, ruwanta na ƙara tsami, har ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 tun farkon zamanin masana'antu. Jaririyar kawa na shan wuya kafin ta gina ɓawonta a irin wannan ruwa. Ka ɗiga lemon tsami a kan ɓawo ka sa ido, za ka ga 'yan kumfa na tashi. Na teku bai kai haka zafi ba, amma hanyar ɗaya ce.

Halal ne cin su?

A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ke rayuwa a teku halal ne, bisa aya ta 96 a Suratul Ma'ida da hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal. Hanafawa sun taƙaita a kan kifi. Ƙarin bayani sai a wurin malamai. Lu'ulu'u da murjani da Suratur Rahman ta ambata kuwa, duka biyu daga irin wannan ruwa suke: lu'ulu'u a cikin kawa yake samuwa, kuma da shi mutanen Bahrain suka rayu kafin fetur.

Ba sa cutarwa?

Suna iya yi. Mai tace ruwa yana tara abin da ke cikin ruwan, mai kyau da marar kyau. Kawar da aka ɗebo kusa da magudanar ƙazanta na ɗauke da ƙwayoyin cuta, don haka a dafa ta sosai, wadda kuma ta ƙi buɗe baki bayan dahuwa a zubar. Wani lokaci wasu ƙananan tsirrai masu dafi kan yi yawa har ruwa ya sauya launi, kuma wannan dafin wuta ba ta kashe shi. Wasu mutanen kuma jikinsu ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa ko kaɗan: wanda leɓensa ya kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti.

Baba ya ce a da kawa ta fi haka yawa a nan. Yana da alaƙa da wannan zance?

Ka saurari Baba da kyau, ka kuma rubuta abin da ya faɗa. Kogin Neja na da kawarsa ta ruwan daɗi, mai mannewa a duwatsu inda ruwa ke gudu, tana yin tari kamar 'yar'uwarta ta teku. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gungaye da duwatsu masu yawa, aka tashi mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa da suka ɗauki sunansu daga tsibiran. Inda ruwa ke gudu a kan dutse ya koma tafki mai kwantar da laka, kuma halittar da ke son gudun ruwa ba ta jin daɗin laka. Ƙari a kan haka ga taru mai ƙananan idanu da ake ja har ƙasa, ga masu zuba guba don su kwashi kifi a saman ruwa, alhali gubar ba ta bar komai a gindin ba. Wannan na ƙarshe yana ƙona mini rai fiye da komai, domin ɗiban yini ɗaya ne ake musanyawa da abincin shekaru.

Ruwan da ya wuce ta gabanmu kuma bai tsaya ba. Yana bi ta Jebba, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ya rarrabu cikin kurmin Neja Delta. Ledar da aka jefa a tashar jirage da maganin feshin da ya gangaro daga gonar shinkafa, wani kasonsu can yake ƙarewa, a bakin kawar da wata mata za ta cire.

Zan iya ganin wani abu makamancin haka ba tare da na je teku ba?

Za ka iya. Ka jira lokacin da ruwa ya ja baya sosai kafin na damina ya iso, ka nemi wani babba ya raka ka bakin wani gungu mai duwatsu da sassafe. Ka sa takalmin roba mai tsawo, kada ka tsoma ƙafa a kwantaccen ruwa mai ciyawa, domin wasu ƙananan katantanwar wurin ne ke yaɗa tsargiya. Ka tafi da rariya da farin kwano da littafi. Ɗaga dutse ɗaya a hankali, ka duba ƙasansa, ka tankaɗe laka tafi biyu a rariyar, ka juye a kwanon da ɗan ruwa, ka jira minti biyar ba motsi. Abin da ka zata tsakuwa ne zai fito da ƙaho ya fara tafiya. Ka ƙirga iri nawa ka gani, ka zana su, ka rubuta kwanan wata da sunan wurin. Idan ka gama, ka juye su inda ka ɗebo, ka mai da dutsen yadda ka same shi, gefen da ke ƙasa ya koma ƙasa. Ajin da na fara kai wa sun sami iri tara ƙarƙashin duwatsu huɗu, kuma littafin yana nan a durowar ofis, muna jiran baɗi mu koma wurin mu sake ƙirgawa.